Mu Fahimci Juna: Abin da Kirista Suka Gaskata Game da Ƙarshen Duniya

A watan Satumba na 2025 wani labari ya bazu a wayoyin hannu, wai wani mutumin Afirka ta Kudu ya ce Yesu Almasihu zai dawo ranar 23 ko 24 ga watan ya kwashe masu bi. Ranakun sun zo sun wuce, kasuwa ta ci kamar kullum. To, da yake mu Hausawa mazauna wannan ƙasa muna cuɗanya da Kirista a kasuwa da makaranta da gidajen haya, wasunmu ma Kirista ne, ya kamata mu san abin da addinin ya koyar a kan wannan batu, domin mu rarrabe koyarwa da damfara.

Tushen maganar guda ne a wurin 'yan Katolika da sauran manyan coci-coci. Sun gaskata Almasihu zai sake dawowa, za a ta da matattu, a yi wa kowa shari'a. Wannan yana cikin shahadar bangaskiya da aka fara tsarawa a taron Nikiya a shekarar 325, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, kuma har gobe ana karanta ta a coci. Inda aka rabu shi ne a kan yadda abin zai kasance. Littafin Wahayi, na ƙarshe a Littafi Mai Tsarki, ya ambaci mulkin shekara 1,000. Agustin, malamin nan na Arewacin Afirka da ya rasu a 430, ya ɗauki wannan a matsayin misali, coci-coci da yawa suka bi shi. Wasu kuwa sun ce shekaru ne na zahiri. Ita kuma koyarwar fyaucewa, wato a ɗauke masu bi kafin babban tsanani, wani mai wa'azi John Darby ne ya yaɗa ta daga wajen 1830, ta yi ƙarfi a Amurka, daga can ta iso mana.

Amma duk da wannan saɓani, akwai abin da yake a fili. A Linjilar Matiyu sura 24 da ta Markus sura 13, Yesu ya nuna wa almajiransa cewa sanin ranar yana wurin Allah kaɗai, ko mala'iku ba su da shi. Saboda haka wanda ya yanka rana ya saɓa wa littafin da yake riƙe da shi.

Tarihi cike yake da waɗanda suka gwada. A Amurka, wani manomi mai wa'azi William Miller ya yi lissafi daga littafin Daniyel, mabiyansa suka tsaya a kan 22 ga Oktoba 1844. Wasu har suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Gari ya waye, ba abin da ya faru. Daga cikin waɗanda suka rage ne aka kafa cocin Adventist mai hutun Asabar a 1863, kuma cocin ba ya yanka rana. A Koriya ta Kudu, wani fasto Lee Jang Rim ya ce 28 ga Oktoba 1992. Mutane suka bar aiki, suka miƙa dukiya. Da hukuma ta bincika, sai aka tarar shi ya zuba kuɗi a takardun ajiya da ba za su nuna ba sai 1993. Ka ji mai cewa duniya ta ƙare! Kotu ta ɗaure shi. Haka Harold Camping mai gidan rediyo a Amurka ya ce 21 ga Mayu 2011, ya ɗaga zuwa 21 ga Oktoba, daga bisani ya amsa cewa ya yi kuskure. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A nahiyarmu kuwa abin ya kai ga rayuka. A Kanungu ta ƙasar Uganda, wata ƙungiya ta sa mabiyanta suka sayar da gonaki da dabbobi, wai duniya za ta tashi a ƙarshen 1999. Da ba ta tashi ba, ranar 17 ga Maris 2000 ɗaruruwa suka ƙone a cikin ɗakin ibada da aka toshe, aka kuma tono wasu gawawwaki a gidajen ƙungiyar. Jimilla sun haura 700. A dajin Shakahola na Kenya, daga 2023 an tono gawa fiye da 400 na mutanen da ake zargin an sa su ƙin cin abinci domin su sadu da Yesu, da yawansu yara ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, yaya littafin Kirista ya ce a yi jiran? Tun zamanin manzanni wasu a birnin Tasalonika na ƙasar Girka suka ajiye sana'a suka zauna. Manzo Bulus ya rubuta musu wasiƙa ta biyu yana tsawata musu, ya ce su koma aiki su ci guminsu, ya kuma tuna musu cewa shi kansa da hannunsa ya ciyar da kansa lokacin da yake tare da su.

Labarin Annabi Irmiya ya ma fi shafarmu. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, ya riga ya faɗa wa sarki cewa birnin zai faɗi. A cikin wannan hali ya sayi gonar ɗan'uwansa a Anatot a kan shekel 17 na azurfa, ya kafa shaidu, ya sa aka adana takardar a cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. Nufinsa a san cewa wata rana za a sake ciniki da noma a ƙasar. Ya kuma aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila wasiƙa, ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su nemi alherin garin da suke baƙunta, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Duk wanda kakansa ya zo fatauci ya kafa zango a ƙasar wasu, zai gane wannan nasiha.

Ke nan gaba gaɗin Kirista na gaskiya ya samo asali ne daga yarda cewa ƙarshen al'amari yana hannun Allah, kuma zalunci ba zai tafi a banza ba. Wanda ya yarda da haka ba shi da dalilin firgita. Musulmi ma sun san dawowar Annabi Isa, sun kuma san sa'ar tashin kiyama Allah ya bar wa kansa sani. Ko da yake bayanin ɓangarorin biyu ya bambanta sosai, a kan ɓoyuwar ranar bakinsu ɗaya.

Shawarata ita ce mu lura da alamu uku. In mai wa'azi ya yanka rana, ko ya ce a sayar da kadara a kawo masa, ko ya ce a cire yara daga makaranta a rabu da dangi da asibiti, to a yi nesa da shi. In maƙwabcinka ko abokiyar adashinki ta faɗa irin wannan tarko, kada a yi mata dariya. A je wurin danginta da shugaban cocinta na asali tun da wuri, in ta kama a sanar da hukuma. Haƙƙin maƙwabtaka ke nan.

Mu kuwa mu biya kuɗin makarantar yara, mu gyara takardun filayenmu, mu dasa mangwaro ko da jikoki ne za su sha. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu gama lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.