Mu muke ƙona takin, mu ke kukan tsadar yuriya

Da an kwashe masara, sai hayaƙi ya turnuƙe hanyar Kontagora zuwa Rijau. A cinna wa kara da ciyawa wuta, wai sharar gona ake yi, wani ma gafiya kawai yake farauta. Damina na faɗuwa, wanda ya babbake gonarsa shi ne zai kai akuya kasuwa don ya sayi buhun yuriya. Wannan ɓarna ta ishe ni.

Abin da ake biya wa kuɗi a buhun nan sinadarin naitirojin ne, kashi 46 cikin ɗari na yuriya. Kashi 78 na iskar da muke shaƙa shi ne, sai dai masara ba ta iya cin sa daga iska. Gyaɗa da wake da waken suya Allah Ya ba wannan baiwa. Tumbuƙe gyaɗa ka dubi ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarta: ƙwayoyin halitta ne a ciki, su ke kamo shi daga iska. Kara da kashin shanu idan suka ruɓe, sai sinadarin ya koma ƙasa. Wuta kuwa sama take tura shi, toka ba ta riƙe shi.

Kakanninmu suna juya shuka, suna barin gawo a tsakiyar gona, suna gayyatar Fulani su sauke shanu bayan girbi. Mu kuwa masara a kan masara kowace shekara, itatuwa sun zama gawayi. To me zai hana ƙuduji cin gona? Ai ƙasar da ta gaji yake bi.

Yuriyar ma ba a iya zuba ta ba. A watsa a saman ƙasa cikin rana tsaka, wani kaso ya bi iska, mamakon ruwa ya wanke wani zuwa Kogin Kontagora.

Laifin hukuma ya fi. Tun Maris 2022 aka buɗe masana'antar takin Dangote a Legas, amma yawan buhu bai taɓa koya wa kowa noma ba. Rabon taki a gaban 'yan jarida ba ya gyara ƙasa. Ina malaman gona da za su shiga ƙauyukan Mariga da Magama?

Ɗan'uwana manomi, bana ka binne yuriyarka a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka ba gyaɗa rabin gonar, ka bar ashana a aljihu.