Tarkacen Rokoki A Sararin Samaniya: Wa Zai Biya Kuɗin Shara?

A watan Yuli na shekarar 1996, wani ɓallin ƙarfe ya bugi tauraron ɗan'adam na Faransa mai suna Cerise, ya sare sandar da ke daidaita masa tafiya. Da aka bincika, sai aka tarar ɓallin ya fito ne daga gangar wata rokar Ariane wadda ta tarwatse tun a 1986. Wato sharar da ta shekara goma tana yawo ce ta yi wa dukiya mai aiki lahani.

Irin waɗannan gangunan, da ake yasarwa bayan sun kai kaya sama, suna kewaya duniya da gudun kusan kilomita 28,000 cikin sa'a ɗaya, ba direba, ba birki. Wasu da ragowar mai a cikinsu, shi ya sa sukan fashe. A watan Agusta na 2024 ma, gangar rokar Long March 6A ta ƙasar Sin ta wargaje a nisan kimanin kilomita 800, ta bar ɗaruruwan ɓaraguzai.

Rundunar sojan Amurka na bin sawun abubuwan da girmansu ya kai santimita 10 da na'urorin rada, tana kuma aika gargaɗi kyauta ga masu taurari. Aiki ne abin yabo, sai dai gargaɗi ba magani ba ne. Wanda aka gargaɗa shi zai kauce, ya ƙona mai, ya rage wa tauraronsa kwana. Wanda ya zubar da sharar kuwa ko kwabo ba ya biya. Idan kuma ganga da mataccen tauraro ne suka nufi juna, babu mai kaucewa.

Doka ma ba ta taimaka ba. Yarjejeniyar 1967 ta bar kowane tarkace a hannun ƙasar da ta yi rajistarsa, saboda haka ba mai ikon taɓa shi sai da izininta. Ta 1972 kuma ta ce sai an tabbatar da laifi kafin a biya diyyar karon da ya auku a sama, abin da ke da wuyar gaske.

Nijeriya na da ruwa da tsaki a maganar, domin ta aika NigeriaSat-1 wannan yanki a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Ƙasar da taurarinta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, asarar guda ɗaya babbar asara ce gare ta.

Abin da ya kamata wakilanta su nema a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sararin samaniya shi ne kuɗin ajiya: duk mai harba roka ya ajiye wani adadi, ba za a mayar masa ba sai gangar ta sauko. Abin da aka ƙwace daga masu saɓawa sai a biya masu kwashe tsofaffin da shi. Kamfanin Astroscale na Japan ya riga ya kusanci wata gangar H-2A mai nauyin kimanin tan 3 a 2024, ya ɗauko hotunanta.