Kwana 28 da ba sa cikin katin awon ciki

A mako na uku bayan shigar ciki, wani siririn faifai na ƙwayoyin halitta a bayan ɗan tayi yakan naɗe kamar tabarma ya zama bututu. Daga wannan bututu ne ƙwaƙwalwa da laka suke fitowa. Ƙwayoyin da ke jere a bangonsa na ciki su ne iyayen jijiyoyi: suna ta rarrabuwa, wani sinadari mai suna Sonic hedgehog kuma yana tasowa daga ƙasan bututun yana raba musu aiki gwargwadon yawan da ya iske kowace. Daga ɓangaren ƙasa ake samun jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi, na sama kuwa su ke karɓar saƙon taɓawa da zafi.

Bututun yakan gama rufewa wajen kwana na 28, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba. Idan ƙarshensa na ƙasa bai rufe ba, sai a haifi jariri da buɗaɗɗiyar laka, larurar da kan jawo shanyewar ƙafafu, rashin riƙe fitsari, sau da yawa har da taruwar ruwa a kai.

Tun 1991 wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna cewa folik asid na rage maimaituwar larurar da kusan kashi 70 cikin ɗari. Shawarar likitoci ita ce mace ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki.

Mu kuwa sai a wajen awo ake miƙa mata ƙwayar, a wata na uku ko na huɗu. Tana da amfani ga jini, amma ga laka an makara.

Za a ce ai dokar ƙasa ta wajabta zuba sinadarin a fulawa. Haka ne, sai dai gidan da ke kai masara injin niƙa na unguwa, a Nyanya ko a Gwagwalada, tuwonsa bai bi ta hannun NAFDAC ba.

Tunda mun riga mun saba da gwajin jini kafin aure, a ganina nan ya kamata a soma ba amarya folik asid, hukumar NHIA kuma ta biya kuɗinsa ga ma'aikaciya ko matar ma'aikaci ba tare da jiran shaidar ciki ba. Masu rubuta wa ministoci takardun shawara, wannan sakin layi ɗaya ne kawai.