Garke Kafin Gari: Wa Ya Fifita Dukiya a Kan Rai a Kwarin Haɗeja?

A daren Talata, 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, adadin kuma ya ci gaba da hauhawa a kwanakin da suka biyo baya. Tun ba a gama rufe kabarin bai-ɗaya ba, mu 'yan boko muka yanke hukunci a Facebook da WhatsApp: kwaɗayi ne da jahilci. Hukuncin da muke yankewa ke nan duk damina, idan labari ya zo daga Birniwa ko Guri ko Kirikasamma ko Auyo cewa wani ya koma gidan da ruwa ya ci don ya fitar da awaki, katanga ta rufta masa. Na daɗe ina cikin masu wannan hukunci. Yau ina ganin mun ɗora laifin a inda ya fi mana sauƙi, kuma abin da ya nuna mini haka tafsirin malaman Yahudawa ne a kan Attaura.

Na san akwai wanda zai ɗaure fuska tun daga nan. Ya sassauta. Malamanmu sun daɗe da tsara yadda ake mu'amala da Isra'iliyyat. Ibn Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, ya kasa su uku: abin da ya dace da abin da ke hannunmu, da abin da ya saɓa masa, da abin da ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi. Ba aƙida na je nema ba. Abin da ya ja ni wata al'ada ce ta karatu: waɗannan malamai suna duba jerin kalmomin mutum, wace ya fara ambata, wace ya bari a ƙarshe, su gane abin da ya fi daraja a zuciyarsa idan haɗari ya tunkaro.

Misali mafi shahara yana cikin sura ta 32 ta Littafin Ƙidaya. Ƙabilun Ra'ubainu da Gad suna da dabbobi masu ɗimbin yawa, suka ga makiyaya mai kyau a gabashin Kogin Urdun, suka roƙi Annabi Musa ya bar su su zauna a nan. Da ya tuhume su da gudun yaƙi, sai suka yi alkawarin za su gina wa dabbobinsu garka, su gina wa 'ya'yansu garuruwa, sa'an nan su shiga gaban runduna. Da Annabi Musa ya tashi amsa musu, sai ya juya jerin, ya fara da garuruwan yara, ya ƙare da garkan tumaki. Rashi, babban mai tafsirinsu da ya rayu a Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya tsaya a kan wannan juyi. A fahimtarsa, mutanen sun fi tausayin dukiyarsu a kan 'ya'yansu, shi ya sa bakinsu ya fara da ita, Annabi Musa kuwa ya gyara musu sahu don tushe ya zauna a matsayin tushe, reshe a matsayin reshe.

Da a nan maganar ta tsaya, da masu zagin manomin Birniwa sun sami hujja. Sai dai akwai wata sura ta 32, a Littafin Farawa. Annabi Yakubu yana dawowa gida, labari ya iske shi cewa ɗan'uwansa Isuwa na tafe da mutum 400. Cikin dare ya haye da iyalinsa rafin Yabbok, nassin kuma ya ce ya saura shi kaɗai. Me ya tsayar da shi a wancan ƙetare, cikin duhu, a daren tsoro? Talmud, a babin Hullin, ya ce ya koma ne saboda 'yan ƙananan tuluna da aka manta, Rashi ma ya bi wannan fassara. Ba su zarge shi ba. Dalilin da suka bayar shi ne mutumin kirki yana riƙe abinsa da daraja ƙwarai, domin ba ya miƙa hannu ga na wani, duk abin da ya mallaka da guminsa ya same shi.

To, ga masu dabbobi an tsawatar musu, ga mai tuluna an yaba masa. Ina bambancin? Na ga biyu. Na farko, Annabi Yakubu bai koma neman tulu ba sai da ya tsallakar da mata da yara. Na biyu, Ra'ubainu da Gad ba a tsakiyar gudu suka yi maganarsu ba. A zaune suke gaban shugaba, cikin natsuwa, suna tsara gobe, a cikin wannan natsuwa kuma suka sa garke gaba da gari.

A daminar 2022, wadda ambaliyarta ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarta, wani kawuna a wani ƙauye na ƙasar Birniwa ya kwashe iyalinsa cikin dare ya kai su makarantar firamare da ke kan tudu. Sa'an nan ya juya, ruwa iya gwiwa, ya koma ɗauko gero da awaki biyu. Allah ya sa da sauran kwana. Da na kira shi daga Kano ina faɗa, ya bar ni na gama, ya ce: "Ɗan nan, da na bar geron, me ƙannenka za su ci da bazara? Kai za ka aiko?" Ban da amsa a ranar, ban kuma aika ba.

Mai albashi yana ganin buhun gero kaya ne da za a sake saye. A wurin manomin da ba shi da asusun banki, ba shi da inshora, akuya ita ce ajiyarsa, rumbu shi ne abincin watanni takwas masu zuwa. Idan ya koma cikin ruwa, lissafin ran 'ya'yansa yake yi, sai dai nasa lissafin ya zarce daren ambaliya, ya kai har watan da rumbu ke ƙarewa. Ban ce ya yi daidai ba. Wanda katanga ta danne ya bar marayu ba gero ba uba. Amma sahunsa irin na mai tuluna ne: yara tukuna, sa'an nan abin da yaran za su ci.

Su wane ne ke nan Ra'ubainu da Gad na kwarin Haɗeja? Waɗanda ke tsara gobe a zaune. Mu ne: injiniya da akanta da daraktan ma'aikata da ɗan majalisa da ɗan jarida irina. Ruwan da ke cin wannan yanki ba baƙo ba ne. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, suka sauya yadda ruwa ke sauka a Kogin Haɗeja. A da kogin kan cika da damina ya janye da rani. Da ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya riƙa fantsama gonaki da garuruwa. Manoma da masunta sun san haka, masana sun rubuta shi shekaru da dama. Kowace shekara NiMet na fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, watanni kafin ruwa ya sauka. Wanda aka ba sanarwar wata uku ba shi da uzurin mai gudu cikin dare.

Mu gwada karatun Rashi a kan takardunmu. Ɗauki kasafin kuɗin kowace jiha ko ƙaramar hukuma, ka bar abin da aka faɗa a jawabi, ka duba abin da aka fara sakar wa kuɗi da abin da aka bari sai “in hali ya yi”. Ka duba ko yashe hanyar ruwa da gyaran jinga suna zuwa da rani, lokacin da aikin ke yiwuwa, ko kuwa sai a watan Agusta ake tunawa da su, a bi su da buhunan shinkafa da tabarmi da masu ɗaukar hoto. Ka duba naka gidan: filin da ka saya a kan magudanar ruwa don ya yi araha, katangar da ka ja ta karkatar da ruwa gidan maƙwabci. Duk wannan a zaune aka yanke shi.

Akwai kuma abin da masu wa'azin “rai ya fi dukiya” ke tsallakewa a ƙissar. Annabi Musa bai ce a watsar da dabbobi ba. Ya ce a gina duka biyun, a fara da na yara. Sanarwar da muke yi a rediyo kuwa rabin umarni ce: ku tashi ku koma tudu. Wane tudu? Wa zai tsare awaki? Ina za a zuba hatsi kada ya jiƙe, kada a sace? Wanda ka ce ya zaɓa tsakanin ransa yau da abincin 'ya'yansa gobe, bai kamata ka yi mamaki ba idan ya tsaya yana jinkiri. Matsugunin da ba shi da garke da rumbu ba zai cika ba sai ruwa ya kai wuya.

Majiya ta fi wuya, ba kuwa zan yi mata kwaskwarima ba. Fetur ɗin ba nasu ba ne, ba tulun Annabi Yakubu ba ne, kwasarsa kuskure ne ta fuskar shari'a da ta hankali. Amma a nan ma akwai abin dubawa. A kan ayar Maimaitawar Shari'a da ta umarci a so Ubangiji da rai da kuma abin da aka mallaka, Rabbi Eliyeza ya tambayi dalilin ambaton duka biyun. Amsarsa ita ce akwai wanda jikinsa ya fi masa dukiya, akwai kuma wanda dukiya ta fi masa jiki, nassi ya yi magana da kowannensu. Wato doka ta san irin wannan mutum yana nan, ta shirya masa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 1,000 a watan da abin ya faru. Jarka ɗaya ta zama kuɗin abincin kwanaki. Wanda ya san haka ya san cewa duk tankar da ta kife za ta tara jama'a, komai yawan wa'azi. Aikin masu tsari shi ne su shirya wa mutanen da ke akwai: motar kashe gobara a kusa, hanyar killace wuri cikin gaggawa, binciken lafiyar tankoki, gadajen jinyar ƙuna.

Mafakarmu ta ƙarshe ita ce ƙaddara: kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma Rashi ya lura cewa a daren nan Annabi Yakubu ya shirya abu uku: kyautar lallashi, addu'a, da shirin faɗa. Bai ɗauki addu'a ta ɗauke masa sauran biyun ba. A babin Yoma kuma an hukunta cewa idan gini ya rufta ranar Asabar, ranar da aka haramta musu aiki, to a tona, ko da ana shakkar akwai mutum a ciki, ko da ana shakkar yana da rai. Shakka kaɗai ta isa a keta hutun da suka fi tsarkakewa. Mu ma ba a bar mu a duhu ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, shekara shida bayan Rashi, ya jera manufofin shari'a biyar: addini, rai, hankali, zuriya, dukiya. Kowane ɗalibin usulu ya haddace cewa rai na gaba da dukiya. Mun riƙe wannan jeri muna auna talaka da shi a daren da ruwa ya ci gidansa, ba mu taɓa auna kanmu da shi ba a ranar da muke sa hannu a takarda.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Kafin damina mai zuwa, kowace gunduma a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja ta san tudunta da sunansa, a tanadi wurin dabbobi da na hatsi kusa da wurin mutane, a damƙa tsaronsu ga masu unguwanni da matasan gari. A yi aikin kacala da jinga da rani. Mu 'yan jarida mu riƙa tambayar kuɗin rigakafi a watan Fabrairu, maimakon ƙirga gawa a Satumba. Kai kuma mai karatu, idan labari ya sake zuwa cewa wani ya koma ɗauko akuya bai fito ba, kafin ka rubuta “kwaɗayi”, ka tambaya ina ya kai 'ya'yansa tukuna, ka kuma tambaya wa ya kamata ya gina masa garken da zai hana shi komawa.