Gwarzo da Kabo: Hasken Rana da Dogon Jiran Wutar Nepa

Hanyar da ta tashi daga Kabuga ta nufi Gwarzo tana bi ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda a watan Satumba na 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 7.1. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso. Ke nan ba sai an tafi Turai ba kafin a ga hujjar cewa ranar Kano tana iya ba da wuta. Amma da hanyar ta ratsa ƙasar Rimin Gado ta shiga ta Kabo, har ta kai Gwarzo, tafiyar kimanin kilomita saba'in daga birni, abin da ido zai riƙa gani shi ne turaku da wayoyi da taransifoma waɗanda sau da yawa ba komai a cikinsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, jiran da Gwarzo da Kabo suke yi wa babban layin ƙasa jira ne da lissafi bai goyi bayansa ba, kuma mafita mafi kusa ita ce hasken rana, muddin an karkata shi ga sana'a.

Masu nazarin harshe za su lura da yadda Bahaushe yake maganar lantarki. Cewa yake yi “an kawo” ko “an ɗauke”, da lamirin nan da ba ya fayyace mai aikin. Har yau “wutar Nepa” ake kira, alhali hukumar da aka kafa a 1972 ta rasa sunanta tun 2005, aka kuma sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, inda KEDCO ya karɓi Kano da Katsina da Jigawa. Harshen bai bi sauyin sunaye ba domin a wurin mai amfani da wutar babu abin da ya sauya: wani ne can nesa yake bayarwa, shi ne kuma yake hanawa.

Dalilan sanannu ne. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba wutar da yawanci ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000, kuma a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar babban layi ko kaɗan. Mafi yawan tashoshin samar da wutar masu aiki da gas suna kudu, na ruwa kuma, wato Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, suna yankin Neja. Kano tana ƙarshen doguwar waya. An ga abin da hakan yake nufi a watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala, akasarin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba a cika son faɗa ba. Tun da aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni, daga A mai alkawarin sa'a 20 a rana zuwa E mai sa'a 4, sannan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ya zama duk wutar da kamfani ya tura wa masana'antun Sharaɗa ko Bompai ta fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba a kan wadda zai tura Getso ko Kutama ko Garo, inda layi yake da tsawo, asara a hanya take da yawa, mitoci kuma suke da ƙaranci. Kamfanin da aka kafa don riba, idan wutar hannunsa ba ta isa kowa ba, inda riba take zai kai ta. Ana iya yin Allah-wadai da wannan, amma Allah-wadai ba ya sauya lissafin.

Kafin 29 ga Mayu, 2023, janareta ne yake rufa asiri. Da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mai niƙa da mai walda da tela da mai cajin waya da mai sayar da ƙanƙara duk sun ji a jikinsu, kuma kuɗin da suka ƙara ya koma kan matar da ta kai niƙan dawa. Wanda abin ya fi shafa shi ne mai noman rani. Yankin yana da ƙananan madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye, amma ruwan ba ya hawa gona sai da injin ban-ruwa, injin kuwa sai da mai. Manomin da ya rage fegin tumatir ko albasa saboda tsadar mai, matsalar makamashi ce ta ci shi, ko da bai taɓa haɗa gidansa da layin Nepa ba.

A ɗaya ɓangaren, hasken rana da ke sauka a ƙasar Kano ya kusa ninka na Jamus sau biyu, ga shi Jamus ta girka farantan sola da ƙarfinsu ya haura megawat 80,000. Farashin farantan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A Bangaladash an girka ƙananan na'urorin sola sama da miliyan huɗu a gidajen karkara ta hanyar bashin da ake biya kaɗan-kaɗan. A Fakistan, 'yan ƙasa da kansu, ba tare da jiran gwamnati ba, sun shigo da farantai masu tarin yawa a 2024 saboda tsadar wuta, manoma na cikin waɗanda suka fi rungumar abin.

Sai dai abin da ake kira aikin sola a ƙananan hukumomi galibi fitilun kan titi ne da 'yan siyasa suke kafawa. Suna da amfaninsu, musamman ga tsaro da masu kasuwar dare, amma ba sa samar da kuɗin da za a gyara su, don haka idan batir ya mutu shi ke nan. A nan ne ya kamata a lura da wata gaskiya ta fasaha: batir, wanda ake buƙata don ajiye wuta zuwa dare, shi ne mafi tsada kuma mafi saurin lalacewa a cikin kayan sola. Aikin da ake yi da rana tsaka ba ya buƙatarsa sosai. Ban-ruwa da rana ake yi, haka niƙa da casar shinkafa da ɗinki da jan ruwan rijiyar burtsatse zuwa tanki. Famfon sola da aka haɗa kai tsaye da faranti zai yi shekaru yana aiki ba a sayi lita ɗaya ba. Saboda haka naira ɗaya da aka kashe a bakin madatsa ko a layin masu niƙa ta fi wadda aka kashe a kan fitila albarka, domin ita tana dawo da kanta. Asibiti da ɗakin haihuwa da firjin alluran riga-kafi su ne wuraren da batir ya zama dole, kuma a can ya dace kuɗin gwamnati ya tafi.

Babban cikas shi ne kuɗin farko. Manomi yana iya sayen mai na dubu biyar yau, amma ba ya iya fitar da kuɗin famfon sola a dunƙule. Wannan matsalar bashi ce, kuma al'umma tana da hanyoyinta: adashi, ƙungiyoyin manoma, da cinikin murabaha da bankunan Musulunci suke yi, wanda ya kauce wa damuwar riba. A sama kuma, a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wuta a Karkara take gudanarwa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Ga garuruwan da suke da waya amma babu wuta, kamar Gwarzo da Kabo, ƙa'idojin hukumar NERC sun halatta yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, wato al'umma da kamfanin rarrabawa da mai zuba jari, a kafa ƙaramar tashar sola ta yi amfani da wayoyin da ke ƙasa. An yi irin wannan a Zawaciki da ke Kumbotso. Kuɗin yunit a irin wannan tsari yakan fi na ƙananan rukunan Nepa, kuma wajibi ne a faɗa wa mutane haka tun farko. Abin da ya dace a auna shi da shi kuwa shi ne kuɗin man janareta, tunda wutar mai arahar ba ta zuwa.

Sola ma tana da nata illolin. Ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti idan ba a wanke shi. Kasuwa cike take da kaya marasa inganci masu ɗauke da lambobin ƙarya. Tsofaffin batura masu dalma guba ne idan aka fasa su a bayan gari. Famfon da ba ya cin mai kuma yana iya sa a riƙa jan ruwa ba lissafi har rijiyoyi su ƙafe. Duk waɗannan suna buƙatar masu gyara 'yan gari da aka horar, da ƙa'ida da ake bi.

A nan masana Hausa suke da aiki. Yau mai sayen kayan sola a kasuwar Gwarzo yana jin “inbata” da “wat” da “bolt” ba tare da ya san bambancinsu ba, takardar garanti da ta yarjejeniya kuma duk da Turanci suke. Wanda bai fahimci abin da ya saya ba, ba ya iya gane an cuce shi. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da gogewar tsara kalmomin fannu, kuma tsangayar injiniya tana cikin jami'a ɗaya da ita. Ƙaramin littafin kalmomin makamashi, da samfurin yarjejeniyar ƙaramar tasha cikin Hausa, a boko da ajami, wanda za a karanta a gaban dagaci da shugabannin kasuwa da ƙungiyar manoma kafin a sa hannu, aiki ne da ɗaliban digiri na biyu kaɗan za su iya kammalawa cikin zangon karatu guda.