Tsohon Ɗan Wasa Da Makarantar Da Ta Raine Shi

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya, za mu taɓa zancen wasanni, musamman ƙwallon kwando, saboda wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: idan ɗan wasa ya yi suna ya samu abin hannunsa, wane bashi makarantar da ta raine shi take bin sa?

A Amurka, inda jami'o'i ne ke ƙyanƙyashe 'yan ƙwallon kwando, an saba ganin tsofaffin taurari suna komawa gida. Sai dai komawar iri-iri ce. Patrick Ewing shi ne ya jagoranci 'yan wasan Jami'ar Georgetown suka ci kofin jami'o'in ƙasar a 1984. A 2017 aka dawo da shi a matsayin koci, ana ta murna ɗan gida ya dawo. Amma a kakar 2021 zuwa 2022 sai da suka buga wasa 19 a rukuninsu ba su ci ko ɗaya ba, a 2023 aka sallame shi. Kun ga ke nan iya wasa daban, iya koyarwa daban, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi kuwa Carmelo Anthony bai nemi kujerar koci ba, dala miliyan 3 ya bai wa Jami'ar Syracuse aka gina wurin atisaye. A 2025 Stephen Curry ya karɓi muƙamin mataimakin manaja a Kwalejin Davidson inda ya yi karatu, tare da kafa asusun tallafa wa 'yan wasanta maza da mata.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasar Turawa. Ga Zariya nan kusa da mu. Wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda aka fi sani da Koci OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a filin Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaransa har da Masai Ujiri, wanda yake shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Tun 2003 Ujiri ya kafa Giants of Africa domin horar da matasa, a 2021 kuma suka ƙaddamar da shirin gina filaye 100 a Afirka. Wato abin da aka yi masa yana yaro shi yake ramawa.

Mu ma a Kano ba baya ba ne. Ƙungiyar kwando ta Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2013, 2014, 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun Afirka da aka yi a Alƙahira a 2016. A ɓangaren ƙwallon ƙafa kuwa, Ahmed Musa da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 ya sake dawo mata a 2021 da 2024, ya gina cibiyar wasanni a Hotoro, a Yulin 2025 kuma aka naɗa shi janar manaja. Wannan abin a yaba ne ƙwarai.

To amma duk wannan a saman bishiya ake yi, saiwar kuwa tana makaranta. Duk wanda ya zaga nan Unguwar Gano, ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ya shiga Tarauni da la'asar, zai ga samari dogaye masu ƙarfi a jika, wasu na buga tamaula a lungu, wasu na zaune a bakin titi ba aikin fari balle na baƙi. Da muna sakandare ana gasar gidaje duk shekara, a yau kuwa makaranta nawa ce ke da fili? Inda ma aka ci sa'a ba a yanka shi an yi shaguna ba, sai ka tarar da ƙarfe a tsaye babu kwando.

Na san wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, amma yaro ba ya daina girma don ana jiran kasafin kuɗi. Wani kuma zai ce wasa na hana karatu. Ni kuwa a ganina yaron da ya san sai ya ci jarrabawa zai shiga ƙungiyar makaranta ya fi mai zaman majalisa riƙe littafi.

Don haka kirana ga tsofaffin 'yan wasanmu shi ne, kada ku jira sai an ba ku ofis. Kowa ya koma makarantarsa, ya shafe fili da siminti, ya kafa kwando biyu, ya ajiye ƙwallaye. Ya ware Asabar ɗaya a wata ya zo da kansa yaran su gan shi. Ya tallafa wa malamin wasanni, ya biya wa hazikai kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO. Mu iyaye kuma mu tsaya a kan filayen da suka rage, kada a wayi gari an sayar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace, amin.