ZAUREN 'YAN MATA: Wai An Ɗauke Ki Aiki Kina Daga Ɗaki

Gaisuwa ta musamman ga masu karatunmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, don yau da ku nake, ko da yake zancen ya shafi kowa.

A wannan fitowar mun ɗan jingine maganar samari. Akwai wani saurayin da ya fi su daɗin baki, ba ya zuwa zance, ba ya sallama a ƙofar gida, ta waya yake shigowa. Wasiƙa ce za ki gani a imel ɗinki, wani lokaci a WhatsApp, da Turanci mai santsi: wai ana taya ki murna, an zaɓe ki, za ki yi aiki daga gida, awa biyu a rana, albashi kuwa ya fi na malamin da ya koyar da ke. Ke da ba ki taɓa rubuta musu takardar neman aiki ba! To a ina suka san ki? Wannan ita ce tambayar farko, kuma yawancinmu murna ba ta bari mu yi ta.

Masu wannan sana'a sun san inda suke jefa ƙugiya. Sun san yarinya ta gama sakandare ba aikin yi, hanyar Gusau ba kullum ake binta da kwanciyar hankali ba, iyaye ba sa son ta yi nisa, in matar aure ce kuma maigida bai yarda da fita ba. Aikin da za a yi a kan tabarma ai kamar don mu aka ƙirƙire shi. A yankinmu kuma sun sami wata ƙofar. Tun 2010 da gubar dalma ta kashe yara ɗaruruwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, muka saba ganin motocin ƙungiyoyin agaji kamar MSF, muka ga 'ya'yan unguwa sun sami aiki da su. Shi ya sa in wasiƙa ta zo da tambarin wata ƙungiya sai zuciya ta kwanta. Tambari kuwa kowane yaro mai waya zai iya kwafo shi.

Ki dubi adireshin da wasiƙar ta fito, ba sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. UNICEF da unicef.org take ƙarewa, ma'aikatun gwamnatin Nijeriya da gov.ng. In kika ga babban suna amma wutsiyarsa gmail ce ko yahoo, to kura ce da fatar akuya. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha faɗa cewa ba sa karɓar ko kwabo a kowane mataki na ɗaukar ma'aikata.

Nan ne gizo ke saƙa. Bayan taya murna sai a ce ki turo kuɗin fom, ko na horo, ko na katin shaida, ko na aiko miki da kwamfuta. Kaɗan ne, a ce, idan aka kwatanta da albashin. Ƙanwata, tsaya ki yi tunani irin na gida. Mai ba da ɗinkin hula shi yake kawo ƙyalle da zare, in kin gama ya biya ki. Ɗan ƙodago bai taɓa biyan mai gona don a bar shi ya yi noma ba. Yaushe aka fara aikin da ma'aikaci ke biyan uban gida? Kuma ba sau ɗaya za su tambaya ba. Kin biya na fom, sai na haraji ya taso, kin biya wannan, sai a ce kuɗinki sun maƙale sai an buɗe su da wasu. Ke kuma kina jin zafin abin da kika riga kika zuba, sai ki ƙara. Haka kuɗin adashe ke tafiya, haka 'yar akuyar da aka ba ki kiwo ke tafiya, wata har kuɗin da ake tara mata na kayan ɗaki.

Akwai masu wayon da su ne ma za su fara biyan ki. A ce ki danna wa wasu bidiyo alamar so a YouTube, ki turo hoton shaida, sai ga 'yan kuɗi sun faɗo asusunki da gaske. A sa ki a wani zaure na Telegram cike da mutane suna ta godiya da nuna rasit, alhali rabinsu mutum ɗaya ne da wayoyi da yawa. Daga nan a ce babban aiki sai wanda ya ajiye jari. Tsaba ce ake watsa wa kaza. Waɗanda suka ga yadda MMM ta rufe da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da CBEX a Afrilun 2025, sun san wannan kiɗan: na farko a biya shi don ya jawo na baya.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya neman kuɗinki sam. Aikin kawai, a ce, za a riƙa turo kuɗi asusunki, ki cire a wurin mai POS ko ki tura wani wuri, ki riƙe ladanki. Kuɗin wa? Na sata ne ake wankewa da sunanki, kuma a ƙasar da ake biyan kuɗin fansa ba sai na faɗa miki abin da za su iya zama ba. Ranar da aka bi sawu, ba a ga mai wasiƙa, sunanki da hotonki da BVN ɗinki ne a banki. Ko waɗanda EFCC ta kama a wani bene a Victoria Island ta Legas a Disambar 2024, mutum 792 har da 'yan Sin 148, da yawa daga cikin 'yan Nijeriyar matasa ne da aka ɗauka aikin kwamfuta, aikin kuwa yaudarar mutanen ƙasashen waje da soyayyar ƙarya. Don haka lambobin nan da banki ke turo miki ta tes, da lambar sirrin katinki, ba mai ɗaukar aiki na gaskiya da zai tambaye su. Ko ma'aikacin bankin ba shi da hurumin ji.

Sai kuma gaggawa da rufa-rufa. Guraben sun kusa cika, ki biya kafin Magariba, kada ki gaya wa kowa don mahassada. Wallahi wannan kalma ta mahassada ta ci mu da yawa, don mu ma muna son mu ba gida mamaki, a wayi gari mun sayo wa Inna atamfa. Su kuwa abin da suke gudu shi ne ki nuna wa Yaya ko malamarku, a karanta da idon da bai ɗoki. Ki nuna ɗin. In ƙungiyar na da ofis a garinku ko a Gusau, a tura wani ya tambaya baki da baki. Aikin gaskiya ba ya gudu don an kwana biyu ana bincike.

Wadda kuma ta riga ta tura, kada kunya ta rufe mata baki. Ta kira bankinta a ranar, ba gobe ba, a toshe katin, a shigar da ƙorafi ko ana iya tsayar da kuɗin kafin a kwashe. Kada ta goge wasiƙar da rasit da lambar asusun da ta tura wa, su ne shaida wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Sakkwato. In wani ya sake kira wai zai ƙwato mata kuɗinta in ta ba da na mota, su ne dai suka dawo da wata riga.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.